Kwale-kwalen Tafkinmu, Mu Haɗa Shi a Gida

 

In aka ce Damagaram, abin da baƙo yake tunawa shi ne rairayi da duwatsun Birni da wahalar ruwan sha. Maganar jirgin ruwa ba ta zuwa masa a rai. Amma ku da kuke zaune a kwarin Korama, ko Gidimuni, ko Lasuri, kun san muna da ruwa, kuma da kifi a cikinsa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne abin shiga ruwan. Ra'ayinmu a nan shi ne, kowane gari da ke bakin tafki ya kamata ya mallaki ƙaramin kwale-kwale nasa, kuma a haɗa shi nan gida da hannun kafintan garin. Kayan aikin su ne falanki, da wani ƙaro da ake kira efoksi, da ƙyallen zaren gilashi. Kada mu zauna jiran a kawo mana.

Ruwa muna da shi

Tafkin Gidimuni yana wajen kilomita 70 gabas da birnin Damagaram, a kan hanyar Gure. Na Lasuri yana arewa maso gabas da birnin. A 2005 aka sa Lasuri cikin jerin ruwayen da ƙasashen duniya suka yi alkawarin kiyayewa, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Gidimuni ya shiga jerin a 2019, tare da Madarunfa ta jihar Maraɗi. Ban da waɗannan, akwai ƙananan tafkuna da dama a ƙasar Mirya da Magarya da Matamaye. Wasu suna riƙe ruwa wata huɗu ko biyar, wasu har damina ta kewayo. Ma'aikatan ruwa da gandun daji sun sha zuba 'ya'yan kifi a irin waɗannan tafkuna, karfasa da tarwaɗa.

To, da me ake kamun kifin? Da yawanmu da gora muke shiga, wasu da robar cikin tayar mota, wasu da ƙafa har iyakar ƙirji. Ba raina gora muke yi ba, shi ya ciyar da iyaye da kakanni. Amma ka duba mai gora da kyau. Yana kwance rubda-ciki, hannu da ƙafa suna cikin ruwa tun asuba, ko da a tsakiyar ɗari ne. Ba ya iya ɗaukar dogon kalli, ba ya iya dawowa da kifi mai yawa. Ga kuma tsargiya, watau fitsarin jini. Ƙwayar wannan cuta daga katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fatar mutum ta shiga jikinsa. Iyakar daɗewarka cikin ruwa, iyakar damar da ka ba ta.

Ba kamun kifi kaɗai kwale-kwale yake yi ba. Kacalla ta cinye bakin tafkuna da yawa. Maganinta shi ne a yanke ta a ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe, a kwashe abin da aka yanka a fitar. Wannan aiki yana son jirgi. Sa'an nan ku tuna daminar 2024. Ruwan da aka yi ya kashe fiye da mutum 300 a ƙasar Nijar, ya yanke hanyoyi, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe cikin watan Satumba. A irin wannan shekara, garin da ke da jirgi shi ke iya ƙetarar da mai naƙuda ko marar lafiya zuwa inda mota take.

Me ya hana mu sassaƙa?

Wani zai ce, ai Hausawa sun iya sassaƙar jirgi tun kafin zuwan Nasara. Gaskiya ne. Amma jirgin sassaƙa yana cin gungumen itace guda, irin su maɗaci ko kawo, wanda ya shekara da yawa yana girma. Ina za ka samo irinsa a ƙasar Damagaram? Farin 1973 da na 1984 sun tafi da manyan itatuwa masu yawa. Waɗanda suka rage kuwa doka ta tsare su. Tun a 1974 dokar gandun daji ta ƙasa ta hana sare itatuwa irin su maɗaci da gawo da giginya da tsamiya ba tare da izini ba, aka kuma sabunta dokar a 2004.

Wannan hani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsofaffi suna ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Manoman Mirya da Magarya da Matamaye kuma su ne suka mayar da gawo cikin gonaki bayan fari, har mutane suna zuwa daga ƙasashen waje su gani. Bai kamata mu da muka yi wannan suna mu koma sare itace saboda jirgi ba.

Saura jirgin katako na ƙusa, irin wanda ake bugawa a bakin manyan ruwaye. Yana aiki, amma kun san halinsa. Katako yana kumbura in ya sha ruwa, yana tsukewa in ya bushe, sai mahaɗa ta buɗe. Ƙusa tana tsatsa. Kullum ana cusa tsumma ana shafa kwalta, yaro guda kuma aikinsa kwalfe ruwa. In rani ya yi aka bar shi a ƙasa, gara ta same shi.

Mene ne ƙaron, mene ne ƙyallen?

Efoksi ba sabon abu ba ne a idonku. Duk wanda ya taɓa ganin makaniki yana liƙe tankin babur da Araldite, ya ga efoksi. Ruwa biyu ne, ƙaro da abokin haɗinsa. Kowane shi kaɗai ba ya daskarewa, sai an gauraya su. In sun haɗu sai su yi tauri, su kama itace gam, ruwa kuma ba ya ratsa su da sauƙi. Wani kamfani na ƙasar Suwis mai suna Ciba ne ya fara sayar da Araldite a shekarun 1940. Wanda ake aikin jirgi da shi dangi ɗaya ne da wannan, sai dai ya fi ruwa-ruwa, kuma a gwangwani ko galan yake zuwa.

Ƙyallen kuwa da zaren gilashi aka saƙa shi, siriri kamar gashi. Fari ne, yana naɗuwa kamar yadi. Shi kaɗai ba shi da ƙarfin tsayawa. Amma in aka shimfiɗa shi a kan itace aka jiƙa shi da ƙaron, sai ya zama fata mai tauri. Kamar ginin ƙasa ne: laka ita kaɗai tana tsagewa, ciyawa ita kaɗai iska tana kwashewa, in an cuɗa su sai a sami tubali.

Falankin shi ne irin mai faɗin nan da kafintoci ke yin durowa da rufin ɗaki da shi, wanda suke kira kwantarfilake. Siraran ɓawon itace ne aka manna hawa-hawa. Tsawon guda santimita 244 ne, faɗinsa 122. Na jirgi ana son mai kaurin milimita 6 zuwa 9.

Dabarar haɗa su ɗinki ce, kuma an daɗe da gwada ta. A farkon shekarun 1960 wasu mutum biyu a Ingila, Jack Holt da Barry Bucknell, suka tsara wani ƙaramin jirgi da jaridar Daily Mirror ta ɗauki nauyin yaɗa shi. Da waya ake ɗinke falankinsa, a liƙe mahaɗa da ƙaro da ƙyalle. An haɗa irinsa fiye da 70,000, da yawa daga ciki a gidajen mutanen da ba kafintoci ba ne. In ma'aikacin ofis ya iya a bayan gidansa, kafintan da ke yi mana ƙofa da gado ba zai kasa ba.

Yadda ake haɗawa

Kafin a taɓa falanki, a yanka ɗan ƙaramin samfuri da kwali, a ɗinke da zare. Gindi ɗaya shimfiɗaɗɗe, gefe biyu, da allon baya. In siffar ta yi, sai a ninka awon a zana a jikin falanki. Don a sami tsawo, ana haɗa falanki biyu baki da baki, a ɗora guntu mai faɗin taƙi a kan mahaɗar a manne. Jirgi mai tsawon mita 4 ko ɗan fiye yana cin falanki 3 zuwa 4, da ƙaro kamar lita 6 zuwa 10.

Bayan an yanka da zarto, a huda ƙananan ramuka a bakin kowane yanki, santimita 15 tsakanin rami da rami. A zura waya a murɗa, kamar yadda ake ɗinkin fasasshiyar ƙwarya. Nan take za ka ga jirgi ya tashi. A sa sanduna a tsakiya su buɗe shi, a duba kada ya karkace.

Sa'an nan a dama ƙaro da lallausan garin katako, ya yi kauri kamar tuwo mai laushi wanda ba ya zuba daga cokali. A cika kusurwoyin ciki da shi tsakanin waya da waya. In ya daskare sai a zare wayoyin, a cike gurbinsu, a bi mahaɗa duka da ƙyalle mai faɗin santimita 10. A kife jirgin, a goge kaifin bakin mahaɗa ya yi santsi, gama ƙyalle ba ya kwanciya a kan kaifi. A rufe bayan jirgin duka da ƙyalle, a shafa ƙaro. Alamar ya sha daidai ita ce farin ƙyallen ya ɓace, ka riƙa ganin itace ta cikinsa. Inda ya rage fari, bai sha ba. A ƙara shafi biyu, a shafe cikin jirgin ma, kada a bar ko tafin hannu na itace a buɗe. A manna katako a bakin jirgi da wurin zama, da sanduna biyu a gindi saboda jan ƙasa. A goge, a yi fenti. A ba shi mako guda kafin ya taɓa ruwa.

Abubuwa biyar da ke ɓata aikin

Na farko, awo. Ƙaron nan ba ya son "kamar haka ya isa". Wani iri kashi biyu ne da kashi ɗaya, wani biyar da ɗaya. An rubuta a jikin gwangwani. In ka ƙara abokin haɗi don ya yi saurin bushewa, ba zai yi tauri ba har abada, zai zauna da danƙo, kuɗi sun tafi. A nan ne karatun da kuka yi zai yi muku rana. Wanda ya iya karanta lamba shi za a ba aikin awo, da gwangwanin tumatir guda da ba a canzawa.

Na biyu, zafi. Zafi yana gaggauta daskarewar ƙaro. In an dama da yawa a kwano ɗaya, shi da kansa yana ɗaukar zafi, har ya yi hayaƙi ya sandare kafin a shafa. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce awo 40, wannan ba lokacin aikin ba ne. A yi shi da ɗari, Disamba ko Janairu, bayan an kai amfanin gona gida. A lokacin itace ya bushe sarai, abin da ƙaron yake so ke nan. A riƙa dama kaɗan-kaɗan, a cikin rumfa, a kewaye ta da zana saboda ƙurar hunturu.

Na uku, rana. Ruwa ba ya cin efoksi, amma hasken rana yana cin sa, ya mai da shi rawaya ya riƙa gari. Fenti shi ne rigarsa. A sa fari ko mai haske, a sabunta in ya koɗe.

Na huɗu, kayan jabu. Akwai wani ƙaro mai araha da masu gyaran tankin ruwa ke aiki da shi, ana kiransa foliyesta. Yana da wari mai hawa kai, kuma 'yan ɗigo kaɗan ake zuba masa na abokin haɗi. Ba ya kama itace kamar efoksi, bayan wani lokaci sai ya ɓare kamar ɓawon rogo. Haka falanki: yawancin na kasuwa da mannin cikin ɗaki aka yi shi. Kafin ku biya kuɗi, ku karɓi guntu ku dafa shi a tukunya awa guda ko biyu. In hawa-hawan sun rabu, ku bar shi. Araha ba ta ado.

Na biyar, rashin kula da jiki. Ɗanyen ƙaro yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma wanda jikinsa ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan. A sa safar hannu ta roba. In ya taɓa fata a wanke da sabulu, ba da fetur ba. Wajen guga a rufe hanci da baki, gama ƙurar gilashi ba ta da kyau ga huhu. A kori yara daga rumfar.

Abin da masu ja za su ce

Za su ce da tsada. Gaskiya ne, ba mu ɓoye ba. Ba a samun ƙaron a kasuwar ƙauye, sai an aika babban birni kamar Kano ko Yamai, wani lokaci ma sai ɗan kasuwa ya sayo daga bakin teku. Mutum ɗaya zai ji nauyinsa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masunta goma su haɗa kuɗi bayan kaka, ko garuruwa uku su yi saye ɗaya su raba kuɗin mota. Sa'an nan a yi lissafin da shekaru, kada a tsaya kan ranar saye. A ƙasashen da aka saba da wannan aiki, akwai irin waɗannan jirage da suka wuce shekara 20 suna kan ruwa, saboda ana kula da su. Ba ya shan mai, filafili ko gora mai tsawo ta ishe shi.

Za su ce ruwanmu ba ya zama. Wannan ma gaskiya ne. Tafkin Cadi kansa ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, amma a tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba, har garin Gigime ya wayi gari nesa da ruwa. To, ai wannan shi ne dalilin son jirgi marar nauyi. Irin wanda muke magana bai fi kilo 50 zuwa 60 ba. Mutum biyu sun ɗaga shi, amalanken jaki ya kai shi wani tafki in naku ya ƙafe. In aiki ya ƙare a kife shi a inuwa, a kan duwatsu, nesa da gara.

Za su ce mu jira, wata rana masu taimako za su kawo jirgi ƙerarre. In an kawo, madalla. Amma ku dubi famfunan kyauta da injunan niƙa da ke kwance a garuruwa saboda babu wanda ya san cikinsu. Abin da ba ka iya gyarawa ba, aro ne a hannunka. Jirgin falanki ma yana fashewa in ya bugi kututture. Bambancin shi ne wanda ya haɗa shi yana nan cikin gari. A fitar da jirgin, a bar wurin ya bushe, a goge, a liƙa ƙyalle. Kada a yi jinkiri, gama in ruwa ya shiga ƙarƙashin fatar ba ya samun hanyar fita, itacen sai ya ruɓe daga ciki.

Akwai magana ta huɗu, ita ce ta fi nauyi. In jirage suka yi yawa, kifin zai ƙare. Lalle zai ƙare, in babu ƙa'ida. Don haka muka ce jirgin ya zama na ƙungiya. Ƙungiyar da ke da jirgi ita za ta hana koma mai ƙananan idanu da gidan sauro, ta rufe tafki bayan an zuba 'ya'yan kifi har su girma, ta kuma nemi takardar izinin su a wurin ma'aikatan ruwa da gandun daji.

Lodi

Wannan kuwa maganar rai ce. A ƙarshen Nuwamba 2021 wani kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, cikin jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Lodi ya fi ƙarfin jirgin. Allah ya jiƙansu.

Ku ɗauko alli mu yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi yana nutsewa ne har ya ture ruwa daidai nauyin abin da ya ɗauka. A ce faɗin gindin jirginku murabba'in mita biyu da rabi ne, tsayin gefensa santimita 40. Kowane kilo 250 zai nutsar da shi kamar santimita 10. Jirgin kansa kilo 60, mutum biyu 140, koma da kifi 100, jimla 300. Ya nutse santimita 12, saura 28 a sama. Lafiya lau. Yanzu a zuba masa manya goma. Nauyi ya kai 760, ya nutse wajen santimita 30, saura 10. Mutum ɗaya ya miƙe tsaye, ko iska ta taso, shi ke nan.

Saboda haka ku ja layi da jan fenti a tsakiyar gefen jirgi. In ruwa ya taɓa layin, ba mai ƙara hawa, ko ɗan maigari ne. Ku ɗaure jarkoki huɗu na lita 20 a ƙarƙashin wurin zama, babu kome cikinsu, a rufe bakinsu sosai. Kowace tana riƙe wajen kilo 20 a kan ruwa. In jirgi ya kife, a kama jikinsa, kada a sake shi a nufi gaɓa. Ban da shiga ruwa da dare, ban da shiga in hadari ya haɗo.

Jama'a, abin da ya rage naku ne. Ku zauna da maigari da sarkin ruwa da kafintanku. Ku fara da jirgin kwali, ba ya cin ko dala. In kun sayar da gyaɗa da wake da rake, ku ware na falanki da ƙaro. Ku nemi ma'aikatan ruwa da gandun daji su haɗa kafintocin garuruwa wuri ɗaya a koyi aikin tare. Ku haɗa guda ɗaya tak a wannan ɗari, ku gwada shi a ruwa marar zurfi kowa yana gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu a tudu da ruwa. Wassalam.